Taurin zuciya a wasan kurket: wanda ya ajiye sanda ya koma gida, rago ne?

Abba Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma masu sanin kurket su amsa min tsakani da Allah. Kullum Nura yana yaba mana Ben Stokes, ɗan wasan kurket na Ingila, wai babu mai taurin zuciya irinsa a zamanin nan. To sai na ji cewa a 2021 mutumin nan ya ajiye wasa na wasu watanni, ya ce hankalinsa ba a kwance yake ba, ana gab da fara karawa tsakanin Ingila da Indiya. Ta yaya wanda ya bar 'yan'uwansa a fagen fama zai zama abin koyi? Ni a sanina jarumi shi ne wanda ake gani ranar da abu ya yi tsanani. Ana biyansu maƙudan kuɗi, suna kwana a manyan otal, me ya dame su?

Nura Pune:
Wa'alaikumus salam Yaya Abba. Bari in fara da abin da mutumin ya yi, sannan ka yanke masa hukunci. Watan Agusta na 2019, filin Headingley a Leeds, Ingila da Ostareliya, a wasan Test, wato mai ɗaukar kwana biyar, kowace ƙungiya tana bugu zagaye biyu. A zagayen farko an share Ingila kaf da maki 67, a gaban mutanensu. A zagaye na biyu sai sun kawo 359 kafin su ci wasa, adadin da ba su taɓa cimmawa ba a tarihinsu har zuwa ranar. Stokes ya shiga da yammacin rana ta uku, ya tare jifa 50 da maki 2 kacal, don abin da ake nema a lokacin shi ne kada a fitar da shi. Washegari abokan bugunsa suka riƙa zubewa har aka fitar da tara, saura mutum ɗaya, ga maki 73 a gaba. Wanda ya rage ɗin, Jack Leach, mai jifa ne, ba gwanin bugu ba, yana ta cire tabarau yana gogewa tsakanin jifa da jifa. Su biyu suka haɗa 76, a ciki Leach maki 1 ya ci. Stokes ya tashi da 135 ba a fitar da shi ba.

Kuma shi ne dai a 2016, a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na T20, wato gajeren wasan da ake gamawa cikin 'yan awanni, a Kolkata, aka damƙa wa jifa shida na ƙarshe, West Indies na neman 19. Carlos Brathwaite ya ɗaga ƙwallo huɗu a jere zuwa cikin 'yan kallo, wasa ya ƙare. Stokes ya durƙusa a tsakiyar fili ya rufe fuska, duniya tana kallo. Da yawa daga irin wannan ranar ba sa sake miƙewa. Shi kuwa a 2019 ya ci 84 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Lord's.

Game da 2021, mahaifinsa ya rasu a watan Disamba na 2020 da ciwon daji na ƙwaƙwalwa, yatsansa ya karye a Indiya ya ƙi warkewa, ga zaman killace na korona, daga otal sai fili. Ya huta, ya nemi magani, ya dawo. A 2022 aka ba shi kyaftin, kuma a shekarar ya tsaya da 52 a Melbourne har Ingila ta ɗauki kofin T20 a hannun Pakistan. Wannan ne ragon?

Abba Gwale:
Ban ce bai iya wasa ba, ƙanena. Cewa na yi ranar da aka neme shi ba ya nan.

Malam Habu Zariya:
Abba, ɗana, tambayarka tana kan hanya, amma ina ganin ba ka taɓa riƙe sandar nan ba. Mu mun buga a makarantar kwana, lokacin da ake koyar da shi a manyan sakandaren Arewa, kuma abin da wasan yake yi wa zuciya dabam ne da ƙwallon ƙafa.

A ƙwallon ƙafa idan ka ɓarar da dama, bayan minti biyu wata za ta zo. Mai bugu a kurket kuskure ɗaya gare shi. Kamar dambe ne, da ka taɓa ƙasa an yi kisa, ba a sake tambayar naushi nawa ka kai kafin nan. Sai ka cire safar hannu, ka taka daga tsakiyar fili zuwa ɗaki kai kaɗai, kowa yana kallonka. A wasan Test na kwana biyar kana iya zama yini guda da rabi kana kallon wasu suna bugawa, babu abin da ke yawo a kanka sai ƙwallon nan ɗaya da ta fitar da kai. In an sake fitar da kai da wuri a zagaye na biyu, sai ka jira mako guda. Kuma makinka a rubuce yake kusa da sunanka, babu inda za ka ɓuya a bayan ƙungiya.

Ga tsoro na zahiri. Ƙwallon tauri gare ta, fata ce aka ɗinke a kan toto mai ƙarfi, nauyinta kusan giram 160. Tsakaninka da mai jifa kusan mita 20 ne. Masu saurin cikinsu suna kai kilomita 150 a awa, ke nan ba ka da ko rabin daƙiƙa ka yanke shawarar ka buga, ka tare, ko ka kauce. Kuma doka ta ba shi dama ya doka ta ƙasa ta taso saitin haƙarƙarinka ko kanka. Haka za ka yi ta yi awa shida a yini.

Don Bradman na Ostareliya, wanda ba a yi kamarsa ba, ya shiga bugunsa na ƙarshe a 1948 yana neman maki 4 kawai matsakaicinsa ya cika 100. A jifa na biyu Eric Hollies ya fitar da shi ba ko ɗaya. Ya tsaya a 99.94 har abada. Wasan da ya yi wa Bradman haka, wa zai ƙyale?

Sadiq Sharjah:
Baba Habu Allah ya ƙara lafiya. Ni a nan na koyi son wasan, wajen abokan aikina 'yan Pakistan. Ranar hutu da sassafe kafin rana ta yi zafi za ka gan su a filin ajiye motoci, da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatef, an jera bulo a madadin sandunan da ake kafawa a bayan mai bugu. Duk dattijon cikinsu da ka tambaya game da juriya, Hanif Mohammad zai kira maka. A 1958 a Barbados, Pakistan tana baya da maki 473, ya tsaya yana bugu minti 970, sama da awa 16, ya ci 337, ya hana West Indies cin wasan. Babu hular kwano a zamanin.

Amma Yaya Abba, maganar otal da ka yi ce ta taɓa ni. Wanda bai yi zaman ƙasar waje ba ya ɗauka gado mai laushi yana kawo barci. 'Yan kurket suna yin wata biyu, wata uku a tafiya ɗaya. Ka duba Marcus Trescothick. A 2005 shi ne yake buɗe wa Ingila bugu a gaban McGrath da Brett Lee da Shane Warne, ya tara 431 a gasar Ashes, wato karawar Ingila da Ostareliya, da suka ci. Bai ji tsoron ƙwallo ba. A farkon 2006 ya baro Indiya ya koma gida, aka fara cewa wata cuta ce ta kama shi. A watan Nuwamba na shekarar ya sake barowa daga Ostareliya tun kafin a fara gasar. A 2008 ƙungiyarsa ta Somerset za ta zo nan Daular Larabawa atisaye, a filin jirgin Heathrow abin ya kayar da shi, bai iya shiga jirgi ba. Daga nan ya bar buga wa ƙasa, da wasa 76 na Test. Amma ya ci gaba da buga wa Somerset har 2019, yana da shekara 43, don a can yana iya kwana kusa da iyalinsa. Ciwonsa nisa da gida ne yake tayar da shi. Ni na san daren da mutum zai farka ƙarfe uku a ɗakin da ba nasa ba, ƙirji yana bugawa, bai san dalili ba.

Kabiru Kaduna:
Ni ina bayan Abba, kuma na daɗe ina kallon wasan nan. Anil Kumble na Indiya a Antigua, 2002: ƙwallo ta karya masa muƙamuƙi, aka naɗe masa kai da bandeji, ya fito ya yi jifa oba 14 a jere, kowace oba jifa shida ce, har ya fitar da Brian Lara. Graeme Smith na Afirka ta Kudu a Sydney, 2009: hannu a karye, ya fito a matsayin na ƙarshe don ya ceci wasa. Sachin Tendulkar na Indiya yana ɗan shekara 16 a Sialkot ta Pakistan, Waqar Younis ya fasa masa hanci, jini yana zuba, ya ƙi fita. A Kofin Duniya na 1999 mahaifinsa ya rasu, ya je jana'iza ya dawo ya ci 140 a kan Kenya. Virat Kohli, shi ma na Indiya, yana shekara 18 mahaifinsa ya rasu cikin dare, da safe ya je fili ya ci wa Delhi 90, sannan ya tafi jana'iza. Waɗannan su ne maza.

Sai ka kawo min Jonathan Trott na Ingila. Brisbane, 2013, Mitchell Johnson na Ostareliya ya riƙa auna masa jiki, ya fitar da shi sau biyu, 10 da 9. Ana gama wasan sai ga shi a jirgi, wai ciwon damuwa. Ingila ta sha kashi 5 da babu, Johnson ya fitar da mutum 37. Ko tsohon kyaftin ɗinsu Michael Vaughan daga baya ya nuna shakku a kan bayanin da aka ba su. Me ya sa ciwon bai tashi ba lokacin da yake cin ɗari-ɗari? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Maman Ilham:
Malam Kabiru, ni ban san kurket kamar ku ba, mijina ne mai kallo. Amma ma'aikaciyar jinya ce ni a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma abubuwa biyu kuke haɗawa waɗanda ba ɗaya ba ne.

Juriya hali ne, ana koyonsa, yana ƙaruwa da horo. Ciwon damuwa da ciwon fargaba cuta ce. Tana hana barci, tana hana cin abinci, tana sa hannu rawa, tana sa mutum ya kasa tattara hankalinsa a kan abu ɗaya. Wanda zai tare ƙwallo cikin rabin daƙiƙa, kamar yadda Baba Habu ya ce, in ya yi makonni ba ya barci, dole bugunsa ya lalace. Saboda haka tambayar da ka yi tana iya juyawa: wataƙila ba faɗuwar maki ce ta kawo ciwon ba, ciwon ne ya kawo faɗuwar makin. A wajen aikina na ga sojoji, na ga direbobin manyan motoci, na ga uwar 'ya'ya takwas da ta riƙe gida ita kaɗai shekara da shekaru. Babu rago a cikinsu. Yawancinsu ma juriyar ce ta sa suka makara zuwa asibiti.

Sunan da ya sa na shigo maganar nan shi ne Graham Thorpe. Wasa 100 na Test ya buga wa Ingila, ya ci ɗari a wasansa na farko a kan Ostareliya a 1993, kuma shi ne ya tsaya a Karachi a shekarar 2000 har duhu ya shiga, suka ci Pakistan. Duk wanda ya san shi yana sa shi cikin masu taurin rai. A watan Agusta na 2024 ya kashe kansa yana da shekara 55, matarsa ta fito ta faɗa wa duniya cewa ya yi shekaru yana fama da ciwon damuwa da fargaba. Wanda ya ce a cije kawai, ya tuna da wannan gidan.

Kabiru Kaduna:
Hajiya, abin da ya samu Thorpe abin tausayi ne, ban musa ba. Tsorona shi ne kada ƙofar ta zama mafaka ga duk wanda wasa ya juya wa baya.

Nura Pune:
Yaya Kabiru, mutanen da ka kira maza su da kansu sun yi magana. Tendulkar ya faɗa bayan ya yi ritaya cewa ya yi shekara goma zuwa sha biyu yana fama da fargaba, ba ya iya barci daren da za a yi wasa. Kohli ya je Ingila a 2014, bugu goma ya tara 134 kacal, James Anderson yana ta fitar da shi ta hanya ɗaya. Daga baya ya ce a lokacin ya shiga damuwa, yana jin kamar babu wanda ya kai shi kaɗaici a duniya, ga shi cikin mutane, kuma bai san yadda zai faɗa wa kowa ba. A nan Indiya maganar ta yi tasiri sosai, don yaran da nake karatu da su kallon wanda ba ya karyewa suke masa. A 2018 ya koma Ingila ya ci 593.

Batun mafaka kuma, ga Glenn Maxwell na Ostareliya. A watan Oktoba na 2019 ya ci 62 a jifa 28 a kan Sri Lanka, bayan kwanaki kaɗan ya ce zai huta saboda lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Yana kan ganiyarsa ya tafi, babu Johnson da ya kore shi. Kohli na cikin waɗanda suka fito suka yaba masa. To a watan Nuwamba na 2023 a Mumbai, Afganistan ta ci 291, ta fitar da 'yan Ostareliya bakwai a kan 91. Maxwell ya tsaya. Zafi da gumi suka sa jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaure, har ya faɗi ƙasa yana miƙewa, mai bugu na gaba ya sauko bakin fili yana jira. Ya tashi, ƙafa ba ta motsi, da hannu da ido kawai ya riƙa aika ƙwallo waje, ya gama da 201. Pat Cummins da ke ɗaya gefen 12 ya ci a jifa 68. Mutum ɗaya ne, na 2019 da na 2023. Kuma ka san wa ke zaune a matsayin kocin Afganistan a daren? Jonathan Trott, wanda ya kai su wasan kusa da na ƙarshe na kofin T20 a 2024.

Ummi Leeds:
Ina so in ƙara a kan Trott. Shi ma ya ci ɗari a wasansa na farko, a wasan da ya raba gardamar Ashes ta 2009, kuma a 2011 aka zaɓe shi gwarzon ɗan kurket na duniya. Sannan a tuna yanayin da ya tarar a Brisbane. 'Yan Ostareliya tun zamanin Steve Waugh suna da al'adar yi wa mai bugu magana a kunne don su rusa masa tunani. A wasan nan David Warner ya fito gaban 'yan jarida ya kira yadda aka fitar da Trott ragwanta, kyaftin ɗinsu Michael Clarke kuma aka ci shi tara saboda ya ce wa Anderson ya shirya karyewar hannu. Irin wannan ake kira taurin zuciya a lokacin.

Bayan shekara ɗaya, 25 ga Nuwamba 2014, ƙwallo ta sami Phillip Hughes na Ostareliya a wuya a Sydney yana kan 63. Bayan kwana biyu ya rasu, yana da shekara 25. Tun daga nan aka fara sake tunani. A 2019 a Lord's, Jofra Archer na Ingila ya sami Steve Smith na Ostareliya a wuya, ya faɗi, aka fita da shi, ya dawo ya ci gaba, aka tafa masa. Washegari ya tashi da jiri, likitoci suka hana shi, Marnus Labuschagne ya maye gurbinsa, karo na farko da aka yi irin wannan canji a wasan Test. Yau ba wanda zai ce Smith rago ne don bai buga wasa na gaba ba. Abin da Maman Ilham take cewa ke nan, sai dai nata raunin ba ya fitowa a hoton asibiti.

Kuma kada a manta da mata. Sarah Taylor tana cikin mafi ƙwarewar masu tsaron bayan sanduna da aka taɓa yi, mace ko namiji, ta bar buga wa Ingila a 2019 tana da shekara 30 saboda ciwon fargaba.

Malam Habu Zariya:
Kabiru, yawancin misalanka na jini ne da karaya. Suna da kyau, amma ba su ne suka fi burge ni ba. Karyayyen muƙamuƙi na yini ɗaya ne, jiki yana ɗauke da zafin fama, jama'a suna tafi. Wanda ya fi wuya shi ne wanda ba a tafa masa.

Tendulkar a Ostareliya, ƙarshen 2003, an yi ta fitar da shi yana kai wa ƙwallon da ta yi nesa da jikinsa bugun nan nasa mai kyau ta gefen dama. Da aka zo Sydney a Janairun 2004 sai ya haramta wa kansa bugun gaba ɗaya. Sama da awa goma, jifa 436, suna ta ajiye masa ƙwallo a daidai inda yake so, yana ɗaga sanda yana barinta ta wuce. Ya ci 241 ba a fitar da shi ba. Ka yi tunanin mutum ya hana hannunsa abin da ya saba tun yana yaro, sau ɗaruruwa, kowane sau sabuwar shawara ce. Haka Hashim Amla na Afirka ta Kudu a Oval a 2012, sama da awa 13, maki 311, ba ya cacar baki da kowa, fuskarsa ɗaya ko an yi masa magana ko ba a yi ba. Michael Atherton na Ingila a Johannesburg a 1995, minti 643 yana tare Allan Donald don kawai a tashi canjaras.

Wannan haƙuri ne da sanin kai. Kuma wanda ya san kansa har ya gane bugun da zai bari, shi ne zai gane ranar da ya kamata ya ce a'a, ba ni da lafiya.

Abba Gwale:
Baba na ji. Amma mu Musulmi ba addu'a da tawakkali ne maganin irin wannan ba? Ina ganin rashin imani ne yake kawo musu shi.

Maman Ilham:
Abba, don Allah kada ka faɗi haka a gaban mai ciwon. Marasa lafiyata da yawa sun fi ni ibada, wasunsu mahaddata ne. Wannan maganar ce take sa su ɓoye, suna ganin laifinsu ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya kai annabawa tawakkali. A yi addu'a, a sha magani, a yi magana da likita, kamar yadda ake yi da hawan jini.

Sadiq Sharjah:
Mohammed Siraj ya isa misali a nan. Ɗan direban a-daidaita-sahu ne daga Hyderabad. Yana Ostareliya a watan Nuwamba na 2020 mahaifinsa ya rasu, ga dokar killacewa, in ya tafi da wuya ya dawo cikin gasar. Ya zauna, ya fara buga wa Indiya Test a Melbourne, ya fitar da mutum biyar a zagaye ɗaya a Brisbane, inda ba a ci Ostareliya ba tun 1988. Da ya sauka gida kai tsaye maƙabarta ya wuce. A tafiyar nan dai Kohli ya koma gida bayan wasan farko don haihuwar 'yarsa. Ɗaya ya zauna, ɗaya ya tafi, kuma ban ga wanda zan zarga a cikinsu ba.

Koci Bashir:
Na yi shiru ina karantawa don ni ƙwallon ƙafa nake koya wa yara, amma akwai ɓangaren da ba a taɓa ba: taurin zuciya na ƙungiya. Afirka ta Kudu ta yi shekaru ana ce mata mai sarewa a bakin gaɓa. A 1999 a Edgbaston, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya da Ostareliya, maki 1 suke nema a jifa huɗu, Lance Klusener ya ruga, Allan Donald ya tsaya, sanda ta faɗi daga hannunsa, aka fitar da shi. A 2024 a Barbados, a wasan ƙarshe na kofin T20, suna neman 30 a jifa 30, Indiya ta ci su da 7. Yaran da ba a haifa ba a 1999 ma sun gaji nauyin. Sai a watan Yuni na 2025 a Lord's suka bi 282 a kan Ostareliya, Aiden Markram ya ci 136, Temba Bavuma yana ɗingishi da ciwon cinya ya ci 66, suka ɗauki kofin Test na duniya. Bavuma ɗin da aka yi shekaru ana cewa launin fatarsa ne ya ba shi gurbi.

Abin da na koya daga masu horar da 'yan kurket shi ne ba wanda zai iya tattara hankali awa shida a jere. Suna koya wa mai bugu ya saki hankalinsa bayan kowace jifa, ya taka gefe, ya gyara safar hannu, ya ja numfashi, sannan ya dawo ya kama shi na daƙiƙa kaɗan. Ƙwallon da ta wuce ta wuce. Ina gwada wannan da masu tsaron gidana. Kuma 'yan matanmu na Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 da suka ci New Zealand da maki 2 a Malesiya a Janairun 2025 sun nuna ana iya koyon abin a nan ma.

Tambayata ga Hajiya: ina da yaro ɗan shekara 16, ya ɓarar da fenariti a wasan unguwa, aka yi ta yi masa ihu har ƙofar gida. Tun daga nan ya daina zuwa atisaye. Ta yaya zan gane kunya ce da za ta wuce, ko abin ya fi haka?

Kabiru Kaduna:
Koci, ni a nawa ganin ka dawo da shi ka sake ba shi fenariti a wasa na gaba. Haka aka yi wa Stokes, ba a ɓoye shi ba bayan Kolkata. Har yanzu ina nan a kan cewa wani lokaci turawa ita ce magani.

Maman Ilham:
Wani lokaci haka ne Malam Kabiru, amma sai an duba tukuna. Koci, ka tambayi mahaifiyarsa abu huɗu: yana barci, yana cin abinci, yana zuwa makaranta, yana fita wajen abokansa? In ƙwallo kawai ya ƙaurace wa amma sauran rayuwarsa tana tafiya, kunya ce, shawarar Malam Kabiru za ta yi aiki, sai dai ka fara da atisaye inda babu 'yan kallo. In kuwa ya kai mako biyu a ɗaki, ba ya jin daɗin komai, ya rame, ko yana cewa shi ba shi da amfani, a kai shi asibiti, kada a jira. In ya taɓa ambatar mutuwa ko cutar da kansa, a ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Idan ka je, kada ka fara da maganar fenaritin, kuma kada ka je da sauran yaran.

Koci Bashir:
Na gode Hajiya. Ƙanensa ya ce min ko makaranta ba kullum yake zuwa ba yanzu. Gobe bayan la'asar zan je gidan, babansa zan fara gani.